Yadda Ake Ƙera Kwalekwale a Tsakar Gida, ga Mazauna Tudun Wada, Gusau

Da farko ka nemi filawud. Kowane falle ƙafa 8 ne a tsawo, ƙafa 4 a faɗi, don haka biyu za ka haɗa baki da baki in kana son jirgin da zai ɗauke ka har da ɗan rakiya. Ka ce wa mai katako irin na ruwa kake so, domin na yin durowa da ya jiƙe sai ya ɗaɗɗaye kamar ɓawon albasa. Zai ce akwai, yana kan hanya daga Kano, motar ma ta baro Funtuwa. Ka kwantar da hankalinka. Daga Funtuwa a bi ta Tsafe zuwa Gusau tafiyar 'yan awoyi ce ga ɗan Adam, amma katako yakan yi wata guda.

Sai kafinta. Ka ba shi kafin alƙalami, zai ce, "Alhaji, gobe in Allah ya kai mu." Ka lura bai yi maka ƙarya ba, kullum akwai gobe. Kada dai ka kuskura ka kai aikin ana saura mako 2 Salla, ko lokacin da aka cire amfanin gona aka shiga bukukuwa. Duk shagon da gadon amarya ya shiga, kwalekwalenka ya koma ƙarshen layi, kuma gaskiya ni ma amarya zan bai wa hanya, don kai ba ka da gwaggwannin da za su zo su tsaya a ƙofar shago.

Babban aikin shi ne daidaita jirgi da ruwa. Gulbin Sakkwato da ya ratsa Gusau ya nufi Bunguɗu yakan cika ne a watan Agusta da Satumba, daidai lokacin da laima ke hana gam da fenti bushewa. In ka jira hunturu, komai zai bushe nan take, har da gulbin. Kafin watan Maris sai ka iske masu tifa na kwasar yashi a inda ka yi niyyar tuƙi. Masu dabara kan ce a kai shi madatsar Bakolori, wajen Talata Mafara, inda ruwa ba ya ƙarewa. In ka je can kada ka tambayi tarihinta: a 1974 aka fara ginin, a 1978 aka gama, kai kuwa kana shekara ta uku a kan falle biyu.

Cikin wannan jira, jirgin ba zai zauna banza ba. Uwargida za ta shanya kuɓewa a kai, kaza za ta yi ƙwai a ciki, yara su mayar da shi motar zuwa Kano. Ka ɗora shi a kan bulo saboda gara. Maƙwabci kuma zai riƙa leƙowa ta katanga yana cewa, "Malam, in ka ji labarin ambaliya ne ka faɗa mana." Ka amsa masa da fara'a, wataƙila shi zai ara maka tukunyar narka kwalta ranar toshe haɗin katako. Rigar kariya daga nutsewa ce kaɗai ban yarda a jinkirta sayenta ba, ka saya tun kafin ƙusa ta farko.

Ranar da aka gama, ka tara majiya ƙarfi a ɗauko shi. Nan za ka tuna cewa magabata sun gina zaure ne yadda ƙofar waje ba za ta kalli ta ciki ba, don kada mai wucewa ya hango iyali. Abu mai ƙafa 16 ba ya shan wannan kwana, ko a tsaye ko a kwance. Sai dai a fasa katangar baya, kuma magini ya riga ya ce yana nan zuwa bayan Salla. Ka tambaye shi ƙarama ko babba.