Ire-iren Masu Karɓar Takardar Lanho a Baudeta

Takardar gyaran lissafin lanho ita ce wadda ma'aikatar haraji ke aiko wa ɗan kasuwa don sanar da shi cewa kuɗin da zai biya, ko rarar da za a maido masa, sun canza. A Baudeta, cikin gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, da Faransanci take zuwa, ko da yake tun 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Lissafinta da sefa ne, kasuwa kuwa da dala take ƙirga. A nan masu karɓarta suka rarrabu.

Na farko shi ne Mai-ninkawa. Ya ga 2000 a rubuce, ya ɗauka dala ce, wato jika goma, alhali jika biyu ce. In biya ne, zazzaɓi ya kwantar da shi. In maidowa ce, kafin la'asar ya ci bashin tsire, ya yi wa uwargida alkawarin turmin atamfa, ya fara gaida mahauta da hannu ɗaya.

Sai Mai-ɓoyewa, wanda ke ninke ta huɗu ya cusa cikin hula, bisa imanin cewa takardar da ba a karanta ba, ba ta fara aiki ba.

Lauyan gindin bedi ya fi su haɗari. Ya bar lakwal tun aji huɗu, amma shi ke karanta wa jama'a, da murya irin ta rediyo. Kalmar da ta gagare shi sai ya yi tari ya tsallake, kuma galibi a cikinta maganar take. Ladansa shayi, hukuncinsa kullum ɗaya ne: "An cuce ka."

Akwai Mai-yawon-fatawa, daga mushen lakwal zuwa ma'aikacin asibiti, har sai ya sami mai faɗa masa abin da yake so. Akwai Mai-zargi, da ke ɗora laifin kan maigari, wanda bai ma san an rubuto ba. Mai-zuciya kuwa kabu-kabu yake hawa zuwa Tasawa, ya kashe jika uku neman jika ɗaya, ya dawo yana cewa ba don kuɗin ba ne.

Mafi ƙaranci ita ce Mai-gwangwani, tsohuwar 'yar kasuwa da ke adana rasiɗanta cikin gwangwanin madara. Takan sa jikanta ya gwada lambar bara da ta bana, ta duba ranar da wa'adin ƙorafi zai cika, ta koma suyar ƙuli-ƙulinta. Ba a cika zuwa wurinta shawara ba, domin ba ta ba da shayi.