Kowa Ya Faɗi Ra'ayinsa, Amma Likita Za Ka Zama

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo gidajen 'yan boko, kuma da alama ta samu wurin zama. Maigida zai je bita Abuja ko Kaduna, a ba shi jaka da biro da kuɗin kwana, a haska masa majigi a kan yadda ake tsara buri, a rubuta shi, a sa masa wa'adi. In ya koma ofis babu mai sauraronsa, sai ya kwaso ilimin ya yo gida da shi. Wanda bai samu bita ba, bidiyon WhatsApp ya wadatar da shi: ga wani Bature da matarsa da 'ya'yansu sun kewaye tebur, kowa da takarda a hannu, ana dariya ana tafawa. Alhaji ya kalla, ya sake kallo, ya gyaɗa kai ya ce ai dama abin da ya rage mana ke nan.

Sai a kira taron iyali.

Ɗan boko ya fi kowa sa'a a wannan fanni, don sabuwar shekara uku gare shi: ta Janairu, ta Muharram, da ta Satumba in yara sun koma makaranta. In aka haɗa da jajibirin azumi, sau huɗu ke nan a shekara yake da damar ɗaukar alkawarin da ba zai cika ba.

Bayan sallar isha'i ake zaman, a falon maigida, falon da yara ba sa shigarsa sai in an yi baƙi ko an yi laifi. Tunda babu baƙi, Halifa mai shekara 17 yana tafe yana lissafin wanne aka gano, motar da ya ɗauka ranar Juma'a ko canjin kuɗin gas. Ummi mai shekara 15 ta tsaya a ƙofa ta goge wasu saƙonni tukuna. Auta ne kaɗai ya shigo da murna, shi a zatonsa tsire aka sayo. Alhaji na kan kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, Hajiya a gefe da littafi da biro, yara a kan kafet kowa ya sunkuyar da kai. A bidiyon Baturen duk kan kujera suke, amma ai ba komai ake kwaikwayo ba.

"Yau kowa zai faɗi ra'ayinsa," in ji Alhaji. "Gidan nan ba mulkin soja ake yi ba. Kai, me kake son zama?"

"Baba, ni dai harkar waya nake so, gyara da saye da sayarwa. Nan gaba in Allah ya yarda sai in karanci kwamfuta."

"Madalla. Hajiya, rubuta: likita."

Ummi ta ce ita zanen kaya da ɗinki take so. Aka rubuta mata lauya, tunda bakinta ba ya shiru. Auta ya ce direban tirela, aka ba shi injiniya, ya yi godiya don bai san bambancin ba. Cikin minti goma an ji ta bakin kowa, kuma an yi sa'a ra'ayin kowa ya zo daidai da abin da Alhaji ya yanke tun ranar suna.

Daga nan sai maganar adadi, domin a wurin bita an ce burin da ba a iya aunawa mafarki ne. Alhaji ya yanke wa Halifa maki 320 a JAMB. Makin jarrabawar gaba ɗaya 400 ne, kuma a 2025 cikin ɗalibai kusan miliyan 2 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Wannan bai dami Alhaji ba, waɗancan ai 'ya'yan wasu ne. Shi bai taɓa zama gaban kwamfutar JAMB ba, a zamaninsa da fensir ake yi, kuma sakamakon da ya samu har yau sirri ne da ko Hajiya ba ta gani ba. Abin da aka sani kawai shi ne na ɗaya yake zuwa a aji. Duk uban da za ka tambaya na ɗaya ya riƙa zuwa. Waɗanda suka zo na 30 a shekarun 1980, ga alama, ba su haihu ba.

Shi kuwa likitan gobe, ranar layya ɗaki yake shigewa ya rufe ƙofa har sai an wanke jinin rago. Kimiyyar haɗa sinadarai kuma, tun daga aji huɗu suka raba gari. Duk da haka Alhaji ya gama lissafi: shekara 6 a ABU Zariya ko BUK, shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, 1 ta hidimar ƙasa, daga nan majalisa ta fara kiransa Baban Dokta. Bai sa ASUU a lissafin ba, alhali a 2022 kaɗai wata 8 ta yi tana yajin aiki, daga Fabrairu har Oktoba.

Sai kuma burin gida na bai ɗaya, wanda aka ce na kowa da kowa ne. In ka duba da kyau, kowane sashe akwai wanda aka yi shi dominsa, kuma ba a taɓa yin kuskure ya faɗa kan Alhaji ba. Laifi tudu ne.

Ɗauki dokar waya. Daga ƙarfe 9 na dare kowa ya ajiye tasa a kwando. Wayoyin Alhaji uku ba sa ciki, na aiki ne, kuma aikin shi ne musun siyasa da tsofaffin 'yan ajinsu har tsakar dare, da tura saƙon muryar wani mai cewa tafarnuwa na maganin cuta 40. Ta Hajiya ma ba ta ciki, kasuwarta ce: atamfa da turaren wuta take tallatawa, in kuma ka ji muryoyin 'yan Labarina na tashi daga ɗaki, to hutun rabin lokaci ne. Kwandon ya rage na mutum biyu. Halifa ya kawo tasa da ladabi, hannu bibbiyu, har Alhaji ya sa masa albarka. Ba wanda ya tuna yaron mai gyara ne, akwai matattun wayoyi cike da durowarsa. Wadda ke kwando rabon ta da kawo wuta tun bara.

Sai tattalin kuɗi. An sa kafinta ya ƙera asusun katako, an ce za a tara a sa sola, in da saura a kai yara Yankari su ga giwa. Za a rage madara, a rage sukari, a rage data. Shayin majalisa da tsiren dare da gudunmawar bikin abokai ba su shigo ba, waɗannan zumunci ne. Mutum na farko da ya zare ƙusar asusun shi ne wanda ya sa aka ƙera shi, kuma ba ɗauka ya yi ba, aro ne. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, babu maigidan da ke rasa amsa in an tambaye shi ina kuɗi. Yanayin ƙasa. Kalma biyu, an rufe magana.

Motsa jiki ne sashen da ya kusa jawo rigima. Alhaji ya sayo kambas da wandon gudu, ya ce zai rage tumbi. Hajiya ba ta ce uffan ba, ta dai ajiye biro. Namijin da rana tsaka ya fara zancen tattali da rage tumbi, ga shi kuma gemu ya yi baƙi fiye da yadda aka bar shi jiya, uwargida ba ta buƙatar zuwa bita kafin ta gane burin da ba a rubuta a takarda ba. Allah ya taimaka, kambas ɗin ya fita sau biyu ya yi ritaya a ƙarƙashin gado, zaman lafiya ya dawo.

Ni ban ga laifin Alhaji sosai ba, abin da ya tashi ya gani yake yi. Yana saurayi Janar Abacha ya kafa kwamitin burin 2010. Da 2010 ta matso aka koma na 2020, wanda ya ce Najeriya za ta shiga sahun ƙasashe 20 mafiya ƙarfin tattalin arziki a duniya. Da 2020 ta wuce, aka ƙaddamar da na 2050 a 2023. Mutumin da ya girma a haka ya san cewa in wa'adi ya cika ba tambaya ake yi ba, sabon taro ake kira.

Yaran ma ba waliyyai ba ne, kada su ji daɗi. Ummi ta kwashe Asabar da Lahadi tana zana jadawalin karatu da biro kala biyar, ta ɗauke shi hoto, ta sa a WhatsApp, ƙawaye suka yi ta turo mata fure. Gajiyar zanen ce ta hana ta buɗe littafi har mako ya zagayo. Halifa kuwa zai zayyano maka makin Arsenal da yawan ƙwallayen da take buƙata in Manchester City ta yi canjaras, duk da ka, amma ka ba shi lissafin ajinsu sai kansa ya fara ciwo. Karatunsa kullum gobe zai fara, goben kuma tana nan tafe. Sauke Alƙur'ani da aka ce kowa zai yi a azumi, izu 2 a rana kwana 30, an fara da zafi. Zuwa goman tsakiya lissafin ɗinkin sallah ya karɓe filin.

Abin mamaki shi ne gidan cike yake da mutanen da ke cika buri, sai dai ba wanda aka rubuta ba. Hajiya ba ta taɓa kiran taro ba. Adashi biyu take zubi, ɗaya na mako ɗaya na wata, ba ta taɓa fashi ba. Tun Ummi na aji ɗaya a sakandare take tara mata kayan ɗaki: yau kula, wata mai zuwa zanin gado, in ta kwashi adashi sai saitin tukwane, duk suna can saman sif an lulluɓe da tsohon zani. Da kaka take aikawa Dawanau a auno mata masara da wake kafin su yi tsada. Ragon layyar da Alhaji ke tsayawa kusa da shi a ɗauke shi hoto, tun yana ɗan ƙarami ta saye shi ta bai wa ƙanenta kiwo a ƙauye. Ba ta da jaka, ba ta da takardar shaidar halartar bita, a taron ma aikinta riƙe biro.

Halifan da aka ce ba shi da alƙibla, shi ma haka. Ya tara kuɗin tara da barka da sallah ya sayi ƙarfen narka dalma da 'yan sukundireba. Kullum bayan la'asar yana Farm Centre wurin wani maigidansa, yana kallo yana koyo, har aka fara sakar masa canjin gilashi da bakin caji. Ya san nawa yake samu, ya san nawa ya rage ya kama teburin kansa, ya san watan da yake son kamawa. Duk abin da aka haska wa Alhaji a majigi yaron nan yana yi, ba a dai tambaye shi ba. Ko kuma an tambaya, ba a jira amsa ba.

Bibiyar buri kuwa ta hannun Hajiya take bi, don Alhaji ba ya zama da ɗan fari su yi hira, kunya ta hana. In an ga alamar ƙoƙari, "Ɗan nan nawa ni ya biyo." In an ga akasi, "Ki gaya wa ɗanki." Ranar da saƙon JAMB ya shigo da 198, yaron ya koma ɗan Hajiya ita kaɗai na tsawon mako guda. A majalisa dai an sanar cewa ya doshi 300, na'urarsu ce ta samu matsala.

Ana cikin haka babbar wayar Alhaji ta faɗa bokitin alwala. Ya nufi shago aka faɗa masa kuɗin da ya sa ya yi salati, ya dawo gida ya ajiye ta kan tebur bai ce da kowa komai ba. Da safe ya tarar da ita tana caji, hotunansa da lambobinsa duk suna nan. Da yamma majalisa ta ji cewa shi ya ɗora yaron kan wannan hanya tun yana ƙarami, don shi ba ya tauye wa yaro ra'ayi.

Da dare ya leƙa ɗakin Hajiya ya yi gyaran murya.

"Ki ce wa yaron nan in yana da dubu 20 ya ranta min zuwa ƙarshen wata. Kuma ki gaya masa JAMB ɗin baɗi 330 nake so."