Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hawan Biyu Da Sisi

Zuwa ga Mai Girma Hawan Biyu da Sisi,
Hanyar Mayo Selbe zuwa Gembu,
Tsaunin Mambila, Jihar Taraba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ban girma, da tambayar lafiyarka da ta duwatsunka da hazon da ke kwana a kanka, ina fata kana nan yadda na baro ka. Na ma san kana nan, tunda ba ka da wurin zuwa. Ni dai jiki da sauƙi. Yau kwanana goma sha ɗaya da dawowa Kano, jiya ne na fara tashi daga kan tabarma ba tare da yara sun kama ni ba.

Dalilin wannan takarda shi ne sunanka. Yallaɓai, sunan nan ya cuce ni, kuma ina neman haƙƙina.

Ni mahayin keke ne, ba na jiya ba. Kowace Lahadi bayan asuba nakan tafi Wudil in dawo kafin rana ta yi zafi, kuma a majalisarmu ba wanda ke ja da ni a wannan fanni. Hawan da na sani a rayuwa bai wuce na gadar sama ba, shi ma kafin ka gama bisimilla ka fara gangarawa. To da wani aboki ya ce akwai wani hawa a kan hanyar Mambila ana ce masa Biyu da Sisi, sai na yi lissafi irin na ɗan kasuwa. Sule biyu da sisi, kashi ɗaya ke nan cikin takwas na fam. Da aka canja kuɗi a 1973, sule ya koma kwabo 10, wato kai gaba ɗayanka kwabo 25 ne. Na ce hawan kwabo 25 har wani abu ne? Na ɗaure keken tsere a kan mota, daga Jalingo muka bi ta Bali da Serti, na sauka a Mayo Selbe ina ta miƙe ƙafa kamar wanda zai karɓi kofi.

A teburin mai shayi aka fara ba ni labarinka. Wani direba ya ce biyu da sisi ladan ɗan dako ne a zamanin da, in ya ɗauki kaya daga gindinka zuwa samanka. Wani dattijo ya ce a'a, kuɗin yinin leburorin da suka fasa hanyar ne. Suka yi ta musu, ni kuwa ina hura taya. Da na ɗaga ƙafa zan hau, sai duk suka bar musun suka haɗu a kan magana ɗaya: "Malam, da wannan za ka?" Na ce da shi. Mai shayin ya ƙara mini burodi kyauta. A lokacin na ɗauka karamci ne.

Ba zan yi maka ƙarya ba, farkonka ka yi mini ladabi. Sai da ka bari na saki jiki, na fara waige-waige ina kallon daji, sannan ka miƙe tsaye. Kekena yana da giya 22. Kafin kwana ta uku na cinye su duka, ina ta danna maɓalli ko akwai wata da masu ƙera shi suka ɓoye. Babu. A shimfiɗaɗɗiyar hanya iska ce abokiyar faɗan mai keke, in ka sunkuya ka rage mata hanya shi ke nan. A wurinka kuwa nauyi ake biya. Ni da keke da gorar ruwa mun kai kilo 90, kuma ba ka yafe mini ko awo ɗaya ba. Tumbin da na yi shekara goma ina tarawa, wanda titin Wudil bai taɓa tambayata labarinsa ba, kai sai da ka ƙirga kowace malmalar tuwo da ta shiga cikinsa.

Sai kuma maganar kwana. Mu a wurinmu kwana iri biyu ce, wadda ake sha da mota da wanda ake yi a kan gado. Kai ka haɗe su. Kowace kwana in na hango ta sai ta yi mini kamar ita ce ta ƙarshe, ga sararin sama a bayanta fes. In na zagayo sai in tarar da yayarta tana jira, ta fi ta tsayi, ta fi ta rashin kunya. Hangen Dala ba shiga birni ba, na san wannan tun ina yaro, amma Dala ko ba komai in ka hange ta tana nan inda take. Samanka kuwa gudu yake yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata baiwar Allah da ta taso daga wani rafi da ƙunshin itace a ka. Ta ce mini sannu, na amsa da kai, don bakin yana wani aikin. Na wuce ta da ƙyar. Na tsaya shan ruwa ta wuce ni, ta sake cewa sannu. A karo na uku ba ta ce sannu ba, cewa ta yi: "Ɗan'uwa, ko lalacewa ya yi?" Na ce e, ya lalace. Ban faɗa mata wane ne ya lalace ba. Wayata da ke maƙale a kan keke tana nuna kilomita 5 a awa, har ta tambaye ni ko in mayar da lissafin zuwa tafiyar ƙasa. Gwaggon birin da ke zaune a bakin hanya ma bai ga dalilin matsawa ba.

Su kuma tsofaffin Land Rover ɗinka, waɗanda na tabbata wasunsu sun girme ni, haka suke wuce ni da buhunan masara da mutane a sama, suna gurnani suna tari, amma suna tafiya. Yaran mota suna ɗago mini hannu. Wani ya yi mini nuni da igiya. Na kawar da kai, saboda mutunci. Da ya sake nunawa a kwana ta gaba, gaskiya na yi tunani.

Yanzu bari in faɗi abin da ya hana ni kai ka ƙara kotu, don kada a ce ban yi maka adalci ba.

Da na ƙarasa sama wajen Maisamari, sai duniya ta buɗe. Ni ɗan Kano ne, na saba ganin ƙasa a kwance kamar faifai. Nan kuwa tuddai ne kore shar, wani bayan wani, kamar an kifa ƙoren nono an lulluɓe su da ciyawa, har inda ido ya gaji. Shanu fari da ja a warwatse a jikin tudu, masu ƙiba, saboda ƙudan tsando ba ya jure wannan sanyi. Itatuwan turare a jere a bakin gidaje, ƙamshinsu ya cika hanci. Gumin da na kwaso daga ƙasa ya koma ƙanƙara a bayana, don duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6. Tsaunin nan a tsaka-tsaki mita 1,600 yake sama da teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Iskar ma ta fi tamu sirantaka da kusan kashi ɗaya cikin takwas, wanda shi ne uzurin da nake bayarwa a majalisa, kuma ina roƙonka kada ka ƙaryata ni.

Wanda ya hau ka a mota, gilashi a rufe, yana barci a kafaɗar maƙwabcinsa, ya iso Mambila amma bai san yadda aka yi ta zo ba. Ni na ji ta tana zuwa taki-taki. Na san daidai kwanar da zafi ya sake ni, na san inda ruwa ke tsattsafowa daga jikin dutse, na ji ƙarar rafin da ke can ƙasan kwazazzabo wanda injin mota ke dannewa. Wannan kaɗai na yarda ka fi ƙarfin kwabo 25.

Na kwana a Nguroje da bargo biyu. Washegari na gangara Kakara na ga gonar shayi, inda ake yin Highland Tea. Shekara arba'in ina shan shayi, ban taɓa kawowa a raina cewa ganyen yana da uwa ba. Ga shi nan gajerun bishiyoyi an aske musu kai daidai wa daida, masu tsinka suna bi da kwanduna a baya suna zaɓen ɗanyen toho kawai. Daga nan hanya ta yi ta wasa da ni har Gembu, hawa kaɗan gangara kaɗan, ga ayaba da fiya a bakin titi kamar ba a san darajarsu ba. An nuna mini hanyar dajin Ngel Nyaki, inda ake samun birin nan da mutanen yankin ke kira biri mai ganga. An kuma yi mini nuni da wajen Chappal Waddi, mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Nijeriya. Na gaishe shi daga nesa. Ka riga ka koya mini hankali.

To ga inda nake jin haushinka kuma nake jin tausayinka. Kana da 'yan'uwa a waje da ba su fi ka kyau ba, amma sun san darajar kansu. Akwai wani a Faransa, Alpe d'Huez, kwanarsa 21, kowace an kafa mata allo da lamba, mai keke yana hawa yana ƙirga saura nawa ya mutu. Duk lokacin da gasar keke ta Faransa ta bi ta kansa, mutane kwana suke yi a bakin hanya suna jira. Tuddan Kigali a Ruwanda sun karɓi gasar keke ta duniya a 2025, karo na farko a Afirka. Kai fa? Ba allon da zai gaya wa bawan Allah saura kilomita nawa. In tif ya fashe a tsakiyarka, mai faci sai dai a mafarki. Gangararka kuwa, wadda na zaci ita ce ladan wahala, ta fi hawan ban tsoro: rami a bayan kwana, yashi a inda ake taka birki, babbar mota a tsakiyar hanya, yatsuna sun ƙage a kan birki har ƙarfen taya ya yi zafin da ba ya taɓuwa.

Na san za ka ce ba laifinka ba ne, kai dutse ne, ba ka sa hannu a kasafin kuɗi. Na kuma san ka saba da jira. Madatsar wutar Mambila an fi shekara arba'in ana yi maka alƙawarinta, manyan motocin da za su hau da kayanta har yau kana sauraronsu. Wanda ya jira wannan, allon ƙarfe ba zai sa ya ɗaga murya ba. Shi ya sa na ɗaga maka, ko wani mai iko zai karanta wasiƙar wani.

Buƙatata biyu ce. Ko dai ka canja suna zuwa wanda zai faɗi gaskiyar farashinka, don kada wani ɗan Kano ya sake faɗawa, ko kuma ka biya ni ladan dakon da na yi, tunda kilo 90 na kai maka har sama, kuma sunanka da kansa shaida ne cewa akwai lada. Kwabo 25 ɗina nake so. Ba sai ka aiko ba. Na sa an nemo mini babbar giyar baya mai haƙora 34, na kuma rage tuwon dare, in Allah ya kai mu bayan damina zan zo in karɓa da kaina. Don Allah ka gaya wa matar nan mai itace ta ba ni ratar awa ɗaya.

Wassalam.

Naka mai ciwon cinya,
Wani mahayin keke daga Kano.