Hazo Ya Sauka, Wayoyi Sun Fito: Masu Hoton Hunturu a Zangon Lome

Hunturun da ke isowa Lome ragowa ne. Kafin iskar ta baro Hamada, ta zazzage wa mutanen Agadas da Damagaram rabonsu, ta farfasa wa Kanawa da Katsinawa leɓɓa, ta gangaro ta Kara da Sokode, ƙarfinta ya kusa ƙarewa. Ga teku kuma a bakin gari, da rana ta ɗaga sai ta turo tata iskar mai laima ta kori baƙuwar. Shi ya sa da wuya ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 20 a Lome ko da asuba ne, alhali a Kano yakan kai 12 ko 13 a watan Janairu. Kwanakin hazo na ƙwarai ma, daga ƙarshen Disamba zuwa cikin Janairu, ba su da yawa.

Amma kada ka kuskura ka faɗi haka a Zango. Mu jikokin fatake ne, kakanninmu daga arewa suka gangaro da shanu suka koma da goro, don haka sanyi a wurinmu gado ne, kuma ba a yi wa mutum gorin ƙanƙantar gadonsa. Ranar da aka wayi gari aka ga sama ta yi fari, duk mai waya a Agoe-Zongo ya zama mai hoto.

Na farkon fitowa shi ne mai shiga. Tun watan Nuwamba ya je kasuwar Hedzranawoe inda ake kwance dilolin gwanjo, ya zaɓo wata jibgegiyar rigar sanyi da aka ɗinka don mutanen Kanada, mai gashi a wuya, ya haɗa da hula mai rufe kunne da safar hannu, ya adana yana jira. Ranar da hazo ya sauka, ana sallame sallar asuba zai koma gida ya haɗe, ya fito bakin titi, ya ɗaga waya sama, ya takure kafaɗa, ya ɗan tsuke baki. A ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Yau kam sai addu'a, Lome ta daskare." To, duba bayansa da kyau. Ga wata mai tallan burodi ta wuce da ɗaurin ƙirji da silifa, ga yaro can tsirara yana wanka a bakin famfo yana waƙa. Irin wannan hoton yana da lokacinsa, dole a gama shi kafin ƙarfe takwas, domin daga nan gumi zai fara tsattsafowa ta ƙarƙashin hular. Ƙarfe goma in ka leƙa rumfar mai shayi za ka same shi da singileti yana fifita da kwali. Ni dai ban ga laifinsa sosai ba. Mutum ya zuba sefa mai yawa a riga, shekara kuma ba ta ba shi fiye da 'yan kwanaki ya mori kuɗinsa, ai dole ya kafa shaida.

Sai mai hoton babu. Shi ba ya saka kansa a ciki, yanayi yake so ya nuna, kuma nan ne wahalar take. Zai turo maka hoto fari fat daga sama har ƙasa, kamar an watsa wa bango koko, ya ce: "Yaya, ka ga Otal 2 Février?" Ka ce ba ka gani ba. Ya ce: "Yauwa! Ka ga ƙarfin hazon ke nan." Ginin nan da aka buɗe a 1980 shi ne mafi tsawo a Togo, tsayinsa ya ɗara mita 100, kuma gaskiya ne hazo mai kauri yakan shafe shi daga nesa. Sai dai daga inda mutumin namu ya tsaya, ko ranar da sama ta fi kowace rana washewa ba a hango shi. Matsalarsa ta biyu ita ce wayar kanta. Waɗannan Tecno da Infinix da ake saye a Dekon an gina su ne su gyara hoto ba tare da an tambaye su ba: in sun ga dishi-dishi sai su ƙara kaifi, in sun ga sama ta yi ruwan ƙasa sai su ja ta zuwa shuɗi. Wato hazon da yake so ya kama, shi wayar ke ƙoƙarin sharewa. Sai ka ga bawan Allah yana faɗa da wayarsa a kan titi, yana cewa ƙarya take yi. Akwai ƙanensa a wannan sana'a wanda bai taɓa samun wannan matsala ba, domin tun da ya sayi wayar bai goge gilashin kyamarar ba, da maiƙon ƙosai da komai. Shi ko hoton ɗaurin aure ya ɗauka a tsakiyar damina, hazo ne.

Kowane zaure kuma yana da masaninsa, galibi ɗalibi ne a Jami'ar Lome ko wanda ya taɓa zama ɗalibi. Shi ba ya ɗaukar sama, fuskar wayarsa yake ɗauka: lambar digiri, lambar laima, kibiyar da ke nuna inda iska ta fito. Ka ce masa "ina kwana, ya sanyi?" ka jawo wa kanka darasi, rabi Hausa rabi Faransanci. Abin haushin shi ne gaskiya yake faɗa. Mafi yawan ƙurar nan daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki da ya ninka Tafkin Chadi na yau sau da yawa. Iska na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi farar ƙasar, ta yi tafiyar fiye da kilomita 2000 kafin ta sauka a kan tabarmarka. Wata ma takan haye tekun Atilantika har dajin Amazon. Duk wannan daidai ne. Amma wata tsohuwa da ya tsare da wannan bayani ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce: "To ɗan nan, tunda ka san masu ita, ka ce su zo su share mini tsakar gida."

Duk waɗannan suna cin kasuwarsu ne kafin direban tirela ya dawo. Zango na zaune a bakin babbar hanyar arewa, wadda ke tafiya fiye da kilomita 600 har Cinkasse a iyakar Burkina Faso, ga kuma Terminal du Sahel nan kusa inda manyan motoci ke taruwa. Tun da iyakar Nijar da Benin ta rufe a 2023, kayan Nijar da yawa ta nan suke bi, don haka ba mu rasa masu zuwa da labarin arewa. Direban nan shi ne ya ga sanyi da idonsa. Hotunansa ba su da kyau, duk a karkace suke, amma ba a musu da su: ga yaran mota sun kewaye wutar kara a tashar Dapaong cikin dare, ga shi kansa da gira da gemu sun yi fari fat da ƙura, ga butar alwala da aka ɗora a kan gawayi don ruwan ya taɓu. Ba ya rubuta komai a ƙasa sai kalma biyu: "Ga sanyi." In mai shiga ya nuna masa nasa hoton, sai ya kalle shi ya kalli rigar, ya ce: "Ranka ya daɗe, ba ni aronta zan je Dori, in na dawo ta ba ka labari." Aibinsa guda: duk shekara sanyin da ya gani yana ƙaruwa a bakinsa. Bana ruwa ya daskare a buta, baɗi butar ce za ta fashe.

Shi ma direban yana da mai kashe masa baki, wato ɗan'uwanmu na Jamus. Yana Hamburg ko wani gari can, ya yi shiru wata da watanni, ba ya amsa gaisuwa, ba ya amsa maganar kuɗin makarantar ƙannensa. Amma ana fara yawo da hotunan hazo sai ga shi ya ɓullo: yana tsaye cikin dusar ƙanƙara har ƙauri, yana riƙe da dunƙule guda a hannu yana dariya. "Ku kuna wasa ne," in ji shi. Nan take zaure ya rabu biyu. Masu neman biza su yi ta "Masha Allah, Alhaji, Allah ya kai mu". Iyaye mata kuwa tausayi ne ke kama su: "Wayyo ɗana, haka kake zaune cikin firji? Ka ci abinci kuwa?" Abin da bai lissafa ba shi ne, hoton ya tabbatar wa kowa wayarsa lafiya lau take. Kafin la'asar kawunsa ya kira shi a kan maganar rufin ɗaki.

Ɓarawon hoto ba ya buƙatar dogon bayani. Ya samo hoton hazo mai ban tsoro ya rubuta "Zango yau da safe", alhali ga Keke Napep rawaya a ciki da allon shago da farashi a naira. In ka yi magana ya ce ai hazo duk ɗaya ne. Haka ma ɗan zem, wato ɗan acaɓa, da ke rubuta sunan budurwarsa da yatsa a kan ƙurar gilashin motar wani, ya ɗauka ya tura mata, mai motar kuma ya fito ya tarar an ɗaura masa soyayyar da bai sani ba. Da malamin da kowane hoton jar rana a wurinsa alamar tashin ƙiyama ce, ko da yake bara ma haka ya ce, kuma haka rana take yi duk lokacin da ƙura ta tare haskenta.

Wadda na fi girmamawa a cikinsu ita ce Hajiya. Hoton farko da za ta saka na sama ne, da addu'a: "Allah ya ba mu wucewarsa lafiya." Kowa ya ce amin. Na biyu, diddigen wata baiwar Allah ne da faso ya tsattsaga, an matso da kyamara har kana jin zafin a taka ƙafar. Ba a san mai ƙafar ba, kuma duk shekara ita ce dai. Na uku, diddige sumul yana sheƙi. Na huɗu, robobin man kaɗe a jere, ɗan arewa, ba haɗi, ga na jaka ɗaya ga na jaka biyu, akwai kuma citta da kanumfari don masu mura, da rigunan sanyi na yara, a yi magana ta waya. Matan Lome ba a koya musu kasuwa, garin Nana Benz ne, waɗanda suka sayi Marsandi da kuɗin atamfa a babbar kasuwar Asigame. Hajiyarmu ta Zango ta haɗa wannan da nata gadon fatauci. Cikin duk masu ɗaga waya sama, ita kaɗai ce hazo ke biyan kuɗin datarta.

Akwai kuma Baba, wanda ba ya ɗaukar hoton yau ko kaɗan, domin a ganinsa babu abin ɗauka. Jikansa yake sa wa ya ɗauko masa wani tsohon hoto marar launi daga ƙasan akwati, a ɗauke shi da waya a tura wa jama'a. A ciki ga samari da manyan riguna da rawuna a ƙofar wani gida a tsohon Zango, wanda yake can tsakiyar gari kafin hukuma ta rushe shi a 1977 ta kwaso mutane zuwa nan wajen Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa. "Wannan shi ne hunturu," in ji Baba. "Tun da aka tashe mu sanyi bai ƙara yin albarka ba." Masanin namu ya taɓa ƙoƙarin nuna masa cewa tsohon Zango ya fi kusa da teku, don haka in ma akwai bambanci to nan ne ya kamata asuba ta fi sanyi. Baba ya tambaye shi shekarar da aka haife shi, magana ta mutu. Ni kuwa da na ƙura wa hoton ido, ban ga hazo ba, ban ga wanda ya takure ba, rawunan ma na sallar idi ne. Amma Baba yana nuna mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin sunan kowa da gidan da ya sauka da mai gidan da ya riƙe shi, da inda masallaci yake, da inda ake ɗaure shanu. Duk wanda ya zauna ya saurara zai tashi da taswirar unguwar da babu ita yanzu. A bar Baba da sanyinsa.

Na ƙarshe shi ne mai latti, wanda sai cikin Maris, ana tsiyayar gumi ana jiran ruwan farko, zai saki nasa hotunan ya ce "ku yi hattara da sanyin nan". Datarsa ce ta ƙare tun Janairu.

Jama'ar Zango, hunturu na nan tafe kuma ba mai hana ku ɗauka. Roƙona uku ne. A goge gilashin kyamara da bakin riga kafin a danna. A rubuta rana da wurin da aka tsaya, don jikokinku su samu abin kafa hujja fiye da na Baba. Sannan mai shiga, don Allah, kafin ka takure ka waiwaya ka tabbata yaron nan ya gama wankansa.