Ranar da Kaifi Ya Ja Mini Asara

Uwargida ce ta ce tana son akwatin gilashi na sa cincin a ƙofar gidanmu a Amrigebe, don ƙurar Njamena ba ta sallama kafin ta shiga abinci. Kafinta ya faɗi kuɗinsa, na yi dariya. Ni da na taɓa haɗa kejin kaji da hannuna?

Na hau babur zuwa kasuwar Dembe, na sayo falle guda na pileksi, robar nan mai kama da gilashi da Jamusawa suka fito da ita a 1933. Na aro injin huda wurin maƙwabci. Da yake ni ba na aikin ganganci, sai da na zauna na wasa bakin ƙarfen hudar har yana iya aske gemu.

Hudar farko ta fara tafiya lafiya. Ƙarfen na gab da ɓullewa ta baya sai ya cafki robar ya fizga, ƙas! Tsaga ta tafi har gefe. Na ce sanyin hannu ne ya jawo, na ƙara wa injin gudu. A ta biyu robar ta narke ta naɗe ƙarfen kamar alewa. Ashe da zafi ya kai wajen digiri 100 take fara saki, ga kuma ranar Afrilu tana taya ta.

Baba mai walda, wanda tun ɗazu yake kallona yana kurɓar shayi, ya miƙo hannu ya karɓi ƙarfen.

"Ɗana, wa ya wasa wannan?"

Na gyara tsayuwa. "Ni ne, Baba."

"To, Allah ya shirya."

Ya ce wannan na huda ƙarfe ne, tsininsa digiri 118, bakinsa cizo yake yana jan kansa ciki. Ita kuwa pileksi ba a cizon ta, kankare ta ake yi. Ya kai shi kan dutse ya tsuke tsinin zuwa kamar digiri 60, sannan, ina ji ina gani, ya dakushe kaifin da na ɓata safiya guda a kansa. Ya sa katako a ƙasa, ya ɗiga ruwan sabulu, ya huda a hankali. Robar ta riƙa fitowa zara-zara kamar taliya. Rami fes, ba ko ƙwarzane.

Sai dai abin da ya rage lafiyayye a fallen bai wuce faifai ba. Uwargida ta dube shi, ta dube ni, ta ɗauki mayafi ta nufi wurin kafinta. Guntun yanzu shi ne marfin randarmu, kuma duk baƙon da ya nemi ruwa sai na nuna masa ramin.

Washegari da sassafe maƙwabci ya yi sallama, ƙarfen a hannunsa.

"Malam, me ka yi masa? Ko gwangwanin madara ya ƙi hudawa."