Wai Bakano Ne Ke Neman Shiru

Alhaji Bakano, yarona na kaina, labari ya iso mu Zariya cewa ka baza dillalai suna nema maka gona. Wai ba ta noma ba, ta hutu: inda babu hon ɗin A Daidaita Sahu, babu janareton maƙwabci, babu mai sako maka ruwan kwata a ƙofar gida. Da aka faɗa a majalisarmu sai da wani dattijo ya ce a maimaita masa, don ya zaci kunnensa ne ya fara nauyi. Bakano da shiru? Mutumin da in ya yini bai ji "albarka" da "na sallama" ba sai zazzaɓi ya rufe shi?

Ban ce ba ka da hujja ba. Ƙidayar 2006 ta ba jiharku mutum sama da miliyan 9, kuma tun daga ranar ba ku huta ba, kowace safiya da ragon suna a lungu. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, mai ƙafa uku ya gaje titi, ya haɗa da gefen titi. A unguwannin awon igiya kuwa lungu ya matse har makara ba ta shan kwana sai an karkata ta. Wannan ya ce indararon wancan na cin katangarsa, wancan ya ce tagar benen wannan na leƙa masa tsakar gida, mai unguwa ya koma alƙalin akuya da shanya. Sai dai ka gaya mana, wa ya gina dakalin da ya cinye rabin hanya? Wa ya fasa zaurensa ya fitar da shaguna uku, har da mai injin markaɗe? Rigimar da kake gudu, Alhaji, da kwabonka a cikin jarinta.

To, ina za ka? Kewayen birninku ba daji ba ne. Tun 1851 da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa ƙasar Kano ya same ta a nome, kuma kakanninku da jakuna suke kai takin birni gonaki don kada ko kunya ɗaya ta huta. Kowane taƙi da mai shi. In ka yi kudu wajen Kura, Kadawa da Garun Malam, inda ruwan Tiga ke bi tun aikin da aka soma zamanin Audu Bako, shinkafa da tumatir ne rani da damina, injin ban-ruwa na kuka har asuba, ga musun wa ya tare wa wa ruwa. In ka zarce Doguwa, wajen duwatsun Riruwai da dajin Falgore, shiru kam akwai shi, har ya yi maka yawa. Sai ka fara tambayar mutanen wurin wace hanya ake bi bayan magariba, sannan ka nemi tudun da za ka hau kafin wayarka ta gaya maka farashin shadda a Kantin Kwari.

Mu ɗauka ka samu. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da takardar mallakar gargajiya a karkara, har hekta 500 in don noma ne. Na san da jin 500 ɗin nan idonka ya buɗe, amma dakata. Kafin takarda akwai dagaci, akwai mai unguwa, akwai shaidu, akwai la'adar dillalin da ya san dillalin da ya san mai gonar. Kuma yawanci gonar gado ce da ba a raba ba. Ka biya, an shafa fatiha, sai ga ƙanin mai sayarwa ya dawo daga ci-rani a Ikko da maganar shuf'a a bakinsa. Fiƙihun Malikiyya ya ba wanda ke tarayya a dukiya damar ya mayar maka da kuɗinka ya karɓe kason da ka saya. Ka bar mai unguwa, ka faɗa hannun alƙali.

Can kuma iyaka ba katangar bulo ba ce, tushen gamba ne da layin aguwa, kuma garmar maƙwabci ta iya kuskure: kowace damina ta ɗan sha kunya ɗaya, kullum ta ɓangarenka. Ɗorawar da ka hango ka ce nan za ka shimfiɗa tabarma, wataƙila ba ta cikin ciniki, don a ƙauyuka da yawa gona daban, itace daban. Ta wata gyatuma ce, jikokinta za su zo kaɗar kalwa kana tsaka da barcin hantsi. Ga burtali ta bayanka. In kaka ta yi za ka san akwai baƙon da ba ya sallama, ƙaho gare shi. Da yake na san halinka, abin da za ka fara shi ne zagaye gonar da waya, ka toshe hanyar da mata ke bi zuwa rijiya tun kafin a haife ka. Ranar za ka gane faɗan kwata wasan yara ne. An gudu gara, an tarar da zago.

Ka ce kana son inda ba wanda ya san ka? A birni ne ake ɓacewa, yaro. A ƙauye kafin ka sauke kaya an san matanka nawa, bashinka nawa. Gaisuwar asuba ba fashi, ga suna, ga ɗaurin aure, ga jana'iza, ga gayya. Motarka ta zama ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, solarka ta zama ta cajin wayar gari. Ka ɓata rai sau ɗaya, sunanka ya koma Alhajin birni mai hura hanci har jikokinka.

Amma duk wannan bai kai babbar matsalar ba: da kanka za ka tafi. Ku da tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, kuka kafa Kurmi, har yau ba ku tashi daga kasuwa ba. Dawanau ƙauye ne a hanyar Katsina kafin ku mayar da shi kasuwar hatsin da manyan motoci ke kwana layi daga ƙasashen maƙwabta. Kai ma kafin gero ya fitar da kai za ka lura riɗi ya fi araha a nan, ka ajiye sikeli a gindin kuka. Sai rumfa, sai yaron POS, sai ka kira ƙaninka ya kawo atamfa. Shekara na zagayowa ka yanka gonar hutun filaye hamsin-hamsin, ka sayar wa Kanawa 'yan'uwanka, sannan ka aiko mana da kukan cunkoso.

Shawarar ubangida ke nan: ka sayi goro ka shiga gidan maƙwabcinka, ku haɗa kuɗin siminti ku gyara kwatar, ka rage dakalin. Bai kai la'adar dillali ɗaya ba. Zo mu zauna dai zo mu saɓa ne, ko a Fagge ko a rugar da ba ta da suna.

In kuwa ka kafe, taho Zazzau. Za mu ba ka aron gona a gindin Kufena, aro fa, don ba ma sayar wa Bakano ƙasa mu wayi gari a haya. Malaman aikin gona na Samaru za su koya maka bambanta gero da dawa tun suna tsaye, ba sai sun shiga buhu ba. Sharaɗi ɗaya ne: sikeli a Kwanar Ɗangora zai tsaya. Watan cika-ciki kuma in ya kama, ka aiko da kuɗin sharata cif, ban da neman ragi.

Ubangidanka,
Bazazzage