Waɗanda Tururin Beppu Ya Tona wa Asiri

Da bas ta fara hawa da mu unguwar Kannawa sai na ga hayaƙi yana tashi ta bayan gidaje, ta cikin lambatu, har ta tsagin kwalta. Saura kaɗan in yi ihun gobara. Ashe haka Beppu take dare da rana. Gari ne na bakin teku a tsibirin Kyushu, kudancin Jafan, wanda aka ɗora kan tukunyar da ba a taɓa sauke ta ba: maɓuɓɓugan ruwan zafi fiye da 2,000 ne ke tafasa a ƙarƙashinsa. Duk mai taƙamar ya yi wanka a Wikki ta Yankari, ya sani a nan Wikki ruwan randa ce.

A ƙofar tashar jirgin ƙasa akwai mutum-mutumin Aburaya Kumahachi, ya ɗaga hannaye sama kamar wanda ya ci caca. Shi ne ya kawo motar zagaya gari mai 'yan mata masu yi wa fasinja bayani, tun 1928. Shi ya yi gayyar, mu kuma muka amsa, kowa da halinsa.

Wanda za ka fara cin karo da shi shi ne mai gaggawar shiga wuta. Akwai tafkuna bakwai da Jafanawa ke kira jigoku, wato wuta, kuma tikiti ɗaya ake yanka na duka bakwai ɗin. Ni dai sai da na yi a'uzubillahi kafin in biya. Shi kuwa gogan naka ya rantse sai ya gama da su kafin azahar. Ya tsaya a Umi Jigoku, mai ruwa shuɗi kamar an zuba baba, wanda zafinsa ya kai digiri 98, ya ɗauki hoto, ya zura. Ya leƙa Chinoike mai ja kamar jini, ya zura. Kadojin da ake kiwo a Oniyama ma bai bari sun gama hamma ba. Sai a Tatsumaki ya gamu da daidai shi, don ruwan can sai ya yi kamar rabin awa yana hutawa kafin ya yi tsiri sama, kuma bai san agogon kowa ba. Nan na same shi zaune a benci yana karkaɗa ƙafa, yana harar rami.

A gidajen wanka kuma akwai jarumi. Shi da ya tsoma yatsa sai ya ce ai wannan ba zafi ba ne, a garinsu da irinsa ake wanke fuska. Ya faɗa tsundum. Minti biyu ya koma launin dafaffiyar ƙaguwa, idanu sun firfito, amma girman kai ya hana shi fita, tunda ga wani tsoho ɗan shekara tamanin kusa da shi yana gyangyaɗi.

Wannan tsohon fa shi ne sarkin wurin, ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Kullum da yamma yana tafe da 'yar robarsa da sabulu, don yawancin ƙananan gidajen wankan unguwa na mazauna ne kafin su zama na baƙi. Ba ya jin yarenka, ba ya bukata. Ka nufi ruwa ba ka cuɗa jikinka a waje ba, ya yi gyaran murya. Tawul ɗinka ya taɓa ruwa, ya sake yi. Ka kuskura ka zauna a gefen kwamin, inda mutanen Beppu ke jingina kai, sai ya dube ka irin kallon da kaka ke yi wa jikan da ya sa hannun hagu a akushi.

Mai kunya kuwa, ba sai na je nesa ba, ni ne. An raba ɓangaren maza da na mata, gaskiya, amma a ciki ba a shiga da ko zare. Abin da aka miƙo mini tawul ne da bai fi hankici ba, kuma wai a ka ake ɗora shi. A ka! Na tsaya a ɗakin tuɓe kaya ina kwance igiyar takalmi ina sake ɗaurewa har sau uku. Wani ɗalibi ɗan Indunusiya, daga jami'ar APU da ke kan tudu, wadda kusan rabin ɗalibanta 'yan ƙasashen waje ne, ya gane ciwona. Ya ce, "Ɗan'uwa, akwai ɗakin wanka na iyali, kai kaɗai, da sakata." Allah ya yi wa yaron nan albarka. Shi ya nuna mini masallacin garin ma.

Ban yi mamakin mai farautar hatimi ba, don kowace ƙasa da irinsa. Ana sayar da wani ɗan littafi, duk gidan wankan da ka shiga a buga maka hatimi, in ka tara 88 a ba ka lambar gwanin wanka. Na ga wani da yatsunsa suka yamutse kamar busasshiyar kuɓewa, yana fitowa daga na biyar a ranar, yana tambayar hanyar na shida.

Wanda na fi so shi ne acici. Shi bai zo wanka ba. A Kannawa ana jera ƙwai da dankali da masara da kifi a kwando, a zura cikin rami, tururin ƙasa ya dafa, ba itace ba gawayi. Madambaci ne Allah ya ba su kyauta. Mutumin ya ci ƙwai shida, ya share baki, ya ce yana gwada ko warin farar wuta ya shiga ciki ne.

A dutsen Takasaki kuma, inda birai ke saukowa cin abinci, an ce wanda biri ya bi ta tsakanin ƙafafunsa ya yi sa'a. Sai ga manyan mutane da kwat sun yi sahu sun wage ƙafafu, birai na kewaye su suna wucewa.

Ranar ƙarshe na je Takegawara, gidan wankan da aka kafa tun 1879, inda ake binne mutum da ransa. Ka sa doguwar riga ka kwanta, mata biyu su zo da shebur su rufe ka da baƙin yashi mai zafi har wuya. Na damana ya fara minshari nan take. Na hagu yana ta roƙon a ɗauke shi hoto. Ni kuma da na ji nauyin ƙasa a ƙirji, sai na kama lissafin bashin da ake bina da sallolin da na makara. Ina cikin wannan tuba hancina ya soma ƙaiƙayi, hannuwa suna ƙarƙashin yashi, mai shebur ta yi nisa, kuma saura minti tara.